Goggo Wanke-Hannu da Ƙarfen Kafinta

Ni mai aski ne. Shekara talatin da biyu ke nan ina tsaye bayan kujera da almakashi a hannu, kuma duk wanda ya san masu aski ya san bakinmu ba ya hutawa. Amma yau ba labarina zan bayar ba, na yayata ne, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara shida. Ni Yaya nake ce mata. 'Ya'yana kuwa Goggo Wanke-Hannu suka laƙaba mata tun suna ƙanana, don ba ta shigowa gidanmu ba ta tambaye su ko sun wanke hannu ba. Da farko a bayan idonta suke faɗa. Ran da ta ji, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi sunan ya dace. Shi ke nan ya bi ta. Ko mijinta, in yana jin tsokana, haka yake kiranta.

Babanmu direban babbar mota ne. Ya rasu Yaya tana da shekara goma sha tara, ba ta daɗe da gama sakandare ba, don haka ta nemi aiki. Abin da ta samu shi ne wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. Ƙananan kwalabe ne na jini da na fitsari, ɗaruruwa a kullum, ta wanke, ta ɗauraye, ta jera a tire, ta sa a tanda su bushe. Inna ba ta so aikin ba, kullum cewa take yarinyar nan za ta kwaso mana cuta. Amma akwai wani dattijo a wurin, shugaban sashen, kowa Mai Tabarau yake ce masa. Shi ya lura cewa yarinyar nan in ta ɗaga kwalba ta ga ɗigo ɗaya a jikinta, sai ta mayar da tiren gaba ɗaya ta sake wankewa. Wata rana ya tsaya a kanta ya ce, "Ke, wa ya sa ki wannan wahalar?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Raina ne ba ya kwanciya."

Ya ce, "To irinki ake so a kan na'ura, ba a bakin famfo ba. Ki koma makaranta."

Ta koma. Tana aiki tana karatu, ta yi aure a tsakani, ta haifi biyu, ta samu takardar farko, ta samu ta biyu. Lokacin da aka buɗe sabon ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake ce wa DNA, don taimaka wa 'yan sanda da kotuna, tana cikin mutum huɗu na farko da aka ɗauka.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin aikinta, na kai mata makullin gida da ta manta. Ba su bar ni na wuce gilashi ba. Ta cikinsa na hango ɗakuna uku a jere, fari tas, babu ko kalanda a bango. Na ga mutum uku sanye da farar riga, da hula, da takunkumi, da safar hannu, ban ma gane wacce ce Yaya ba sai da ta ɗago min hannu. Daga baya ta yi min bayani: kaya in ya shiga ɗakin farko ya wuce na biyu, ba ya komowa baya, haka ma mutum a ranar. Ba a magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba. Ba a sosa hanci. In ka taɓa marfin ƙofa, ka canza safa. Na ce mata ni kam ko rabin wuni ba zan yi a wurin ba, rashin surutu kaɗai ya isa ya kwantar da ni.

A shagona ta fara koya min yadda abin yake. Ta zo ɗaukar ɗanta da na yi wa aski, ta tsaya tana kallon ƙasa.

Na ce, "Yaya, ai shagon nan nawa cike yake da shaidarku. Dubi gashi."

Ta ce, "Wanda ka yanke ba ya da wani amfani sosai, sai wanda ya tsige da saiwarsa. Wannan tawul ɗin naka dai shi ne abin tsoro. Wuyan mutum nawa ya taɓa yau?"

"Kamar goma sha biyu."

"To da za a tsince shi a inda aka yi ɓarna, mutum goma sha biyu sun shiga uku, kai ne na sha uku."

Ta ce duk inda mutum ya taɓa yana barin ɗan wani abu na jikinsa, gumi ne, yawu ne, ɓurɓushin fata ne, ido ba ya gani. Su kuma sai su goga tsinken auduga a wurin, su sa a kwalba, na'ura ta fito musu da wasu layuka masu tudu-tudu. Layukan kowa daban ne, in ba tagwaye masu kama ɗaya ba. Na ce ashe aiki ya zo da sauƙi, ɓarawo ya gama yawo. Ta girgiza kai, ta ce bari ta ba ni labarin ɓarauniyar da ta fara kamawa.

A shekararta ta biyu ne. An fasa wani gida, aka kawo musu kofin da ake zaton ɓarawon ya sha ruwa da shi. Ta yi gwaji, sakamako ya nuna mace. 'Yan sanda suka yi mako guda suna neman mace, har sun fara takura wa mai aikin gidan. Sai ga wani kaya daga wata unguwa can nesa, wuƙa ce wannan karon, ta gwada, sai ga layukan macen nan ta jikin kofin dai. Abokan aikinta suka ce lallai wannan ta ƙware, ta zagaye gari. Yaya kuwa hankalinta bai kwanta ba. Ta tuna duk makon mura take yi, kuma takunkumin yana damunta tana ɗan sassauta shi. Ba ta gaya wa kowa ba, ta goga auduga a cikin kumatunta, ta ba wani abokin aiki ta ce ya gwada mata. Da takarda ta fito, ta ɗauka ta nufi ofishin shugabansu, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, na gano matar nan. Ni ce."

Yanzu in tana ba da labarin dariya take yi, amma ta ce a ranar ta ɗauka korarta za a yi. Shugaban ya ce ta zauna ta rubuta duk yadda aka yi, a aika wa 'yan sanda yau-yau su ƙyale mai aikin gidan nan. Ya ba ta takardar gargaɗi, ya kuma sa aka ɗauki samfurin kowane ma'aikaci, har mai shara, aka ajiye, don duk sakamakon da ya fito a fara dubawa ko na ɗan gida ne. Tun daga ranar Yaya ba ta ƙara sa hannu a rahoto ba sai ta karanta shi sau uku.

Shari'ar da ta sa mutanen unguwarmu suka san aikinta ta zo ne tana da shekara goma sha bakwai a wurin. Akwai wani kantin magani a kan babban titi, bai fi tafiyar minti goma daga shagona ba. Wata rana da yamma, mai kantin yana shirin rufewa, wani ya shigo ta ƙofar baya ya buga masa ƙarfe a ƙeya, ya kwashe abin da ya kwasa ya gudu. Allah ya yi da sauran kwana, mutumin bai mutu ba, amma ya yi sati uku a asibiti, kuma da ya farfaɗo bai tuna komai na ranar ba. A ƙasa aka tsinci ƙarfen, irin wanda kafintoci ke ɓalle ƙusa da shi, mai lanƙwasa a baki.

Sati uku kafin nan wani kafinta ya yi wa kantin sababbin kantoci. Na san shi sama-sama, ya taɓa gyara min bencin da masu jira ke zama. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. 'Yan sanda suka kira shi, ya ce e, ƙarfen nasa ne, a bayan kantin ya bar shi don akwai sauran aiki da zai dawo ya ƙarasa. Mai kantin ya ce shi bai tuna an bar wani ƙarfe ba. Aka ɗauki samfurin kafinta, aka aika da ƙarfen ɗakin gwaji. Bayan wata ɗaya labari ya cika unguwa: DNA ya kama shi.

Ku zo ku ji shagona a lokacin. Kowa ya zama masani. Wannan ya ce gwajin nan ba ya ƙarya, wancan ya ce ai a ƙasashen da suka ci gaba da shi kaɗai ake yanke hukunci, wani ya ce dama shi tun da ya ga idon mutumin nan bai yarda da shi ba. Sai su juyo kaina: "Kai da yayarka ke wurin, me ta ce?" Ni kuwa ba ta ce min komai ba. Na gwada ta sau ɗaya a gidanta, muna shan shayi, na ɗan zagayo da maganar. Ta ajiye kofi ta ce, "Ƙanena, in kana son shayin nan ya ci gaba da shiga, canza hira." Mijinta yana gefe yana gyaran rediyonsa, ya ce, "Ni da nake kwana gida ɗaya da ita ban ji ba, kai ne za ka ji?"

Sai bayan an gama komai ta ba ni labarin zuwan lauyan gwamnati ofishinta, kwana huɗu kafin zaman kotu. Ta ce ba mugu ba ne, saurayi ne mai ƙwazo, ya je asibiti ya ga mai kantin da idonsa, abin ya tsaya masa a rai. Ya ajiye rahotonta a tebur ya ce, "Malama, shafi na ɗaya da na biyu sun yi daidai. Wannan na ukun ne nake ganin zai rikita alƙali."

A shafi na uku ta rubuta cewa ban da na kafinta, akwai alamar wani mutum na biyu a jikin ƙarfen, namiji, kaɗan ne ƙwarai, kuma ba mai kantin ba ne, ba ma'aikatansu ba ne, ba 'yan sandan da suka ɗauki kayan ba ne.

Lauyan ya ce, "Ke da kanki kin ce kaɗan ne. Ƙarfe ne, kowa na iya taɓawa. Ba cewa na yi ki goge ba, amma in na tambaye ki a kotu, ki tsaya kan abin da na tambaya."

Ta ce, "Zan amsa abin da ka tambaye ni, Lauya. In wancan ɓangaren ma suka tambaya, zan amsa musu. Shafin kuma yana nan yadda yake."

"Kin san in mutumin nan ya fita, laifin a kanki za a ɗora?"

"Na sani."

Ranar shari'ar na rufe shago na tafi. Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Ɗaki ne mai bencina shida, fanka biyu, ɗaya ba ta aiki. Kafinta yana tsaye a cikin akwatin katako, ya rame, wata biyar ke nan yana tsare. Matarsa tana bencin baya da jariri. A gaba kuma mai kantin ne da matarsa, an aske masa ƙeya, tabon ɗinkin yana nan a fili, ni da nake sana'ar kai na san ba ƙaramin rauni ba ne. Aka kira Yaya. Ta fito da jakarta ta kullum da fayil a hammata, ta yi rantsuwa, ta gyara tabarau. Ko kallon inda nake ba ta yi ba.

Lauyan gwamnati ya tambaye ta ko abin da aka samu a mariƙin ƙarfen na wanda ake tuhuma ne. Ta ce ya dace da nasa a duk wuraren da suka duba, kuma yiwuwar a samu wani bare da zai dace haka bai kai ɗaya cikin miliyoyi masu yawa ba. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Na ji wani a bayana ya ce, "Shi ke nan, an gama." Matar kafinta ta sunkuyar da kai.

Sai lauyar kafinta ta tashi, wata dattijuwa gajera mai yawan tari. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, gwajinku ya nuna yaushe ya taɓa ƙarfen?"

"A'a."

"Zai iya zama ranar da abin ya faru?"

"Zai iya."

"Zai iya zama sati uku kafin nan?"

"Zai iya, in ƙarfen yana inuwa, ruwa bai taɓa shi ba."

"Nasa ne ya fi yawa a jiki. Wannan na nufin shi ne ya riƙe shi a ƙarshe?"

Yaya ta ce a'a. Ta juya wajen alƙali ta yi bayani a hankali, kamar yadda take yi wa jikokinta. Ta ce mutumin da ya shekara goma yana aiki da ƙarfe, yana gumi a kansa, dole nasa ya fi yawa. Wani kuma zai iya ɗauka na minti biyu ya bar kaɗan, ko ya sa safa bai bar komai ba. Mutane ma sun bambanta, wani hannunsa na zubar da fata da yawa, wani kusan ba ya barin alama. Sannan lauyar ta buɗe shafi na uku, ta sa ta karanta da bakinta. Ta karanta. Ta ƙara da cewa kada a ɗauka tana nufin wannan na biyun shi ne ya yi aika-aikar, don shi ma ba ta san yaushe ya taɓa ba, kuma abin da ya bari bai isa a ce ga shi ba sai an samu wanda za a gwada da shi.

Alƙalin ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malama, taimake ni. Ɗazu kin ce ɗaya cikin miliyoyi. Yanzu kuma kamar kina ce min kada in dogara da gwajin. Wanne zan ɗauka? Ke kin yarda da shi ko ba ki yarda ba?"

Ta ce, "Ya mai shari'a, na yarda da shi, aikina ne shekara goma sha bakwai. An tambaye ni ko kafinta ya taɓa ƙarfen nan, na ce ya taɓa, kuma ina tsaye a kan haka. Shi ma bai musa ba. Amma ko shi ya ɗaga shi ya bugi mutum, wannan ba ya cikin abin da na gwada. In na ce na sani, na yi wa kotu ƙarya."

Alƙali ya rubuta, ya daɗe yana rubutu. Aka ɗage zaman. Bayan sati biyu ya yanke hukunci: ba a samu kayan sata a wurin kafinta ba, babu wanda ya gan shi, ƙarfen kuma nasa ne tun asali, don haka samun alamarsa a jiki bai isa hujja ba. Ya sallame shi.

Amma tun ranar da ta ba da shaida, a matakalar kotu, matar mai kantin ta tare Yaya. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Baiwar Allah, kin ga ƙeyar mijina? Kin gani? Ke aka kawo ki taimake mu, kika je kika wanke shi. Allah ya isa tsakanina da ke." Mutane suka fara taruwa. Na matso zan yi magana, Yaya ta riƙe min hannu. Ta ce wa matar, "Na gani. Allah ya ƙara masa lafiya." Muka wuce.

Na raka ta gida. Ta zauna a kujerar tsakar gida ba ta ko cire takalmi ba. 'Yarta ta kawo abinci, ta ce a rufe. Mijinta ya kashe rediyo, abin da ba ya yi ko ana baƙi. Can na kasa haƙuri na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, kafintan nan shi ya yi ko ba shi ba ne?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Kamar yaya ba ki sani ba? Ke fa kika fitar da shi."

"Ban fitar da kowa ba. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa ba shi ba ne. In shi ne, matar nan ta yi gaskiya, kuma zan kwana da abin a raina. Amma da na yi shiru aka ɗaure shi shekara goma a kan maganar da ban tabbatar ba, wannan ba zan iya ɗauka ba." Ta yi ajiyar zuciya, sannan ta dubi mijinta. "Kunna rediyonka, don Allah, shirun nan ya yi yawa."

Kafinta ya sha wuya bayan fitowarsa. Mutane da dama sun daina ba shi aiki, har a shagona wasu na cewa wayo ya yi. Ya koma yin kujerun makaranta a wata unguwa, a hankali ya farfaɗo. Wata rana ya zo aski, gashi ya taru masa. Ina cikin yi ya ce ya ji wai matar nan ta kotu yayata ce, yana so in kai shi ya yi mata godiya. Na isar da saƙo. Yaya ta ce a'a, bai kamata ba, ba don shi ta yi ba, kuma da gwajin ya nuna abin da zai ɗaure shi, haka za ta faɗa. Na ce to me zan ce masa? Ta ce, "Ka ce masa ya riƙa tattara kayan aikinsa kafin ya tashi." Da na gaya masa, shi ne karo na farko da na ga haƙoransa.

Shekara huɗu bayan nan aka kama wani mutum a cikin wani shagon waya, hannu dumu-dumu, mai shagon da maƙwabta suka rutsa shi. Aka ɗauki samfurinsa kamar yadda aka saba. Wata yarinya da Yaya ta horar ita ta lura cewa layukansa sun dace da ɗan abin nan na shafi na uku. Ta zo da gudu tana murna. Yaya ta duba, ta sake dubawa, ta ce ya dace, amma abin da ke jikin ƙarfen kaɗan ne, don haka a rubuta cewa zai iya zama shi, kada a rubuta shi ne. Aka aika wa 'yan sanda. An ɗaure mutumin a kan shagon waya. A kan kantin magani kuwa ya ce bai san zancen ba, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Lauyan gwamnatin nan, wanda a lokacin ya zama babba a ofishinsu, shi ya je da kansa ya gaya wa mai kantin abin da aka samu. Ya kuma kira Yaya a waya. Ta ce bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Cewa ya yi yana so ta riƙa zuwa tana yi wa sababbin lauyoyinsu bayani, don yawancinsu da sun ji an ce miliyan sai su rufe fayil.

Ta yi ritaya shekara uku da suka wuce. Har yanzu tana zuwa wurin lauyoyin sau biyu a wata, da jakarta da wani tsohon mariƙin ƙofa da take ba su su taɓa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye su wa ya buɗe ƙofar. Sauran kwanakin tana gida da jikoki biyar, da tukwanen furanni da ta jera a bakin taga, da mijinta da rediyonsa. Ta yi ƙiba kaɗan. Tana yawan dariya fiye da da.

Bara yana ta fara rufe mata idon hagu, aka yi mata aiki, ni nake kai ta asibiti duba. Ranar zuwa na biyu layi ya yi tsawo, babu wurin zama. Muna tsaye sai wata mata a kan benci ta ɗago ta dube mu, ta sake dubawa. Na gane ta kafin Yaya ta gane, matar mai kantin ce, mijin yana gefenta da sanda, shi ma ido ya kawo shi. A raina na ce yau kuma a asibiti za a yi. Sai matar ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ɗora a cinya, ta matsa.

Ta ce, "Zauna, Yaya. Tsayuwa ba ta yi miki ba."

Yaya ta zauna. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi jiki. Babu wadda ta ta da maganar kotu. Can matar ta ce, ba tare da ta kalle ta ba, "Na yi miki magana mai zafi a wancan lokacin."

Yaya ta ce, "Mijinki ne aka kusa kashewa. Da ni ce, da na fi haka."

Shi mai kantin kuwa hankalinsa na kan kwalbar maganin da ke hannun Yaya. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya kawo ta kusa da idonsa mai gani, ya karanta. Ya tambaye ta yadda take ɗigawa. Ta nuna masa. Ya ce ba haka ba ne, ai rabin maganin a maƙogwaronta yake ƙarewa, shi ya sa take jin ɗaci. In ta ɗiga, ta rufe idon, ta danne gefen hanci da yatsa, ta ƙirga sittin. Ta ce likita bai gaya mata ba. Ya ce likitoci ba su da lokaci, shi shekara arba'in yana gaya wa mutane wannan. Ya sa ta gwada a gabansa, ya gyara mata yatsan, ta ƙirga a fili, matarsa na taya ta.

Aka kira lambarsu kafin tamu. Da muka fito, rana ta yi zafi, Yaya ta sa baƙin gilashin da aka ba ta, ta kama hannuna muka tsallaka titi. Ta ce in tsaya wurin mai lemo, ta yi wa jikoki alkawari, kuma in zaɓo masu nauyi, kada in bari a cusa min busassu kamar wancan karon.